Idan Siminti Ya Fi Ƙarfin Bulo

A dogon hutun da ya wuce aka tura mu koyon aiki, mu shida daga sashen nazarin gine-gine, wurin wani ɗan kwangila da ya samu aikin gyaran azuzuwa a wata tsohuwar makarantar sakandare. Mun je da hular kwano da sababbin takalma, muna zaton za a miƙo mana zanen gini mu riƙa nuna wa leburori da yatsa. Sai aka zagaya da mu bayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, aka tsayar da mu gaban wani dogon bango na jan bulo, aka ce mu faɗi abin da ke damun sa.

Ba sai an yi dogon nazari ba. Fuskar bulon ta zube, wasu sun rarake har hannu yana shiga, in ka shafa da yatsa jan gari ne zai biyo ka. Amma layukan siminti da ke tsakanin bulo da bulo suna nan garau, launin toka, sun turo waje kamar saƙar zuma da aka tatse. Ɗaya daga cikinmu ya ce ai bulon ne ba shi da kyau, siminti kam ya yi aikinsa. Duk muka gyaɗa kai.

Wani dattijon birkila da ke zaune kan bokiti yana wanke cokalinsa na gini ya ɗago kai ya ce, "Yarana, ku leƙa ɗaya gefen tukuna."

Muka leƙa. Gini ɗaya ne, bulo iri ɗaya, shekaru ɗaya. Amma a wannan gefen kowane bulo lafiyarsa ƙalau. Abin da ya tsufa shi ne kwaɓin da ke tsakaninsu, wanda ya ɗan lotsa ciki, fari-fari, mai laushin da ƙusa ke iya kankarewa. Muka ce, "Baba, me ya bambanta su?" Ya ce gefen farko an taɓa yi masa gyara shekarun baya, an cike tsakanin bulon da siminti mai ƙarfi. Wannan gefen kuwa kuɗi ne ba su kai kansa ba, shi ya sa ya tsira.

Wannan magana ta tsaya mana a rai, domin ta ci karo da abin da duk muka taso muna ji a unguwa: a ƙara siminti, gini ya yi ƙarfi.

Aikin da aka kai mu yi shi ne wanda littattafanmu ke kira foyintin, wato kankare tsohon kwaɓin da ya lalace a tsakanin bulo, a sake cikewa da sabo, ba tare da an rushe bangon ba. Don sauƙi, za mu riƙa kiran wannan tsakanin bulo da bulo "gaɓa". A bangon da ba a rufe shi da filasta ba, gaɓa ce ke fuskantar ruwa da rana kai tsaye, kuma ita ce ya kamata ta fara gajiya.

Me ya cinye bulon?

Ku tuna da randar da ke tsakar gidanku. Ƙasa ce aka gasa, kuma tana tsatsafar da ruwa ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Jan bulo ɗan'uwanta ne. Da damina yana shan ruwan sama, yana kuma zuƙo laima daga ƙasa. Babu yadda za a yi a hana shi, abin da ake buƙata kawai shi ne ruwan ya samu hanyar fita. A bangon da aka gina yadda ya kamata, yawancin ruwan ta gaɓa yake fita, saboda kwaɓin ya fi bulon laushi da yawan ƙofofi.

Ruwan nan ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana ɗauke da gishiri iri-iri da ya narkar daga ƙasa da kayan ginin. Duk inda ruwan ya bushe, nan yake barin gishirin, kuma shi ne farin tabon nan kamar kanwa da kuke gani a gindin wasu gine-gine. Idan a gaɓa aka bar shi, gaɓa ce za ta riƙa zagwanyewa sannu a hankali, bayan shekaru masu yawa a kankare ta a sake cikewa da kuɗi kaɗan. Amma idan an toshe gaɓa da siminti mai tauri, ruwa ba shi da mafita sai fuskar bulo. Gishirin ya daskare a cikin ƙofofin bulon, ƙwayoyinsa su yi ta girma suna turawa daga ciki, har fuskar ta ɓalle. Da zarar ta ɓalle kuwa an gama, domin cikin bulo bai kai fatarsa ƙwari ba.

Akwai kuma motsi. Bango yana ɗan buɗewa idan rana ta gasa shi, ya tsuke da dare. Kwaɓi mai laushi yakan ba da kai ya bi motsin. Mai tauri ba ya ba da kai, sai ya danne gefen bulon har ya gutsure shi. Ga shi kuma kwaɓi mai yawan siminti ya fi tsukewa lokacin da yake bushewa, sai ya bar siririyar tsaga tsakaninsa da bulo. Ruwan sama ya shiga ta nan cikin sauƙi, fita ta gagara.

Ingila ce ta fi kowa sanin wannan ciwo, don can tituna ne cike da gidajen jan bulo da suka haura shekara ɗari, kuma can aka haifi simintin da muke amfani da shi. Wani birkila ɗan birnin Lidis mai suna Joseph Aspdin ne ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirarsa a 1824. Kafin siminti ya yi araha ya cika ko'ina, da farar ƙasa da yashi ake gini. Da aka koma gyara waɗannan tsofaffin gidaje da sabon siminti, sai bulo ya fara ɓarewa. Su abin ya fi yi musu tsanani saboda sanyi: ruwan da ya maƙale a cikin bulo yakan zama ƙanƙara, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ta fasa bulon ta ciki. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877 tana nan har yau, kuma kullum gargaɗinta a kan wannan ne. Mu nan ba mu da irin wannan sanyi, gishiri da zafin rana ne ke yi mana ɓarnar.

Kada kuma wani ya ɗauka gasasshen tubali sai da zuwan Bature muka san shi. A kufan Birnin Ngazargamu, tsohuwar hedikwatar daular Borno da ke jihar Yobe ta yanzu, da kuma Gambaru da ke kusa da ita, an samu ragowar gine-ginen gasasshen tubali na ɗaruruwan shekaru. 'Yan'uwanmu da ke Sudan da Chadi kuwa har gobe jan bulo ne ginin yau da kullum a manyan biranensu.

Farar ƙasar da ake nufi

Sai mun yi bayani a nan, don ba wadda ake haƙowa a shafe ɗaki da ita muke nufi ba. Wannan dutse ne ake ƙonawa, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Nijar. 'Yan ajin kimiyya, ga darasinku ya fito fili. Dutsen shi ne CaCO₃. In aka gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 900, iskar CO₂ ta fice, a bar CaO. In aka zuba wa wannan ruwa sai ya ɗau zafi ya tafasa, ya koma Ca(OH)₂, wadda ita ce farar ƙasar gini. Bayan an kwaɓa ta da yashi an cusa a bango, sai ta riƙa zuƙo CO₂ daga iska tana komawa CaCO₃. Dutse ya koma dutse ke nan, amma wannan karon a tsakanin bulo. Kun tuna gwajin nan da ake hura iska ta tsinke cikin wani ruwa garau ya koma fari kamar madara? To, abin da ke faruwa a cikin gaɓa ke nan, sai dai shi yana ɗaukar makonni da watanni.

Siminti ba haka yake ba. Shi da ruwa yake haɗuwa ya kama, cikin 'yan sa'o'i ya sandare, kuma a kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Saurin nan ne ya sa kowa ke son sa, kuma ba mu ga laifin masu son sa ba. Gada da ginshiƙi da dakali duk sai da shi. Bulon siminti mai inci shida ko inci tara da aka fi gini da shi yanzu ma ba ya jin komai idan an haɗa shi da kwaɓin siminti, tunda jinsinsu ɗaya. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗora shi a kan abin da ya fi shi laushi.

Awo

Ranar da za a fara kwaɓi, Baba ya hana a taɓa shebur. Ya ce shebur ba mudu ba ne: wani ya ciko shi, wani ya ɗebo rabi, kuma ko mutum ɗaya ne, shebur ɗinsa na safe ba ɗaya yake da na yamma ba. Ya kawo ƙaramin bokiti guda, da shi za a auna komai, a cika shi a share bakinsa da katako.

Ga awon da littattafan gini suka tanada, ana jera shi siminti, farar ƙasa, yashi. Don jan bulo na zamani mai ƙwari, 1:1:6. Don tsohon bulo mai laushi, 1:2:9. Don ginin tarihi mai rauni sosai, babu siminti ko kaɗan, farar ƙasa ɗaya, yashi uku. Mu 1:2:9 muka yi amfani da shi. Masu tsananin kishin tsofaffin gine-gine a Ingila za su ce ko wannan ɗin ma kada a sa siminti, kuma suna da hujja. Amma wanda ya yi gyaran baya, bisa ga taurin abin da muka sha wuyar fasawa, da alama siminti ɗaya yashi uku ya zuba, irin kwaɓin da ya dace da daɓen ƙasa.

Ku sake duba lambobin nan. Ɗaya da ɗaya biyu, a kan yashi shida. Ɗaya da biyu uku, a kan yashi tara. Kullum abin da ke ɗaure yashin kashi ɗaya ne, yashi kashi uku. Abin da ke canzawa kawai shi ne nawa ne siminti a cikin wannan kashi ɗayan. Dalili kuwa kuna iya gano shi a gida. Ku cika kofi da busasshen yashi, ku riƙa zuba ruwa a hankali kuna aunawa har ya taso saman yashin. Za ku tarar ya sha kusan sulusin kofi. Wannan shi ne gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, kuma shi ake so a cike. In abin ɗaurin ya gaza haka, kwaɓi ya yi ta zuba. In ya wuce, ya tsattsage.

Yashin ma sai an tantance. Ana son mai tsabta, mai haɗe da manya da ƙananan ƙwayoyi, a tankaɗe shi don fitar da tsakuwa da ciyayi. Rairayi mai laushi zalla yana da daɗin aiki a cokali amma yana tsagewa in ya bushe. Don gane ko akwai laka a ciki, mun zuba yashi rabin kwalba, muka ƙara ruwa da ɗan gishiri, muka girgiza sosai muka ajiye na sa'a uku. Yashi ya kwanta ƙasa, laka ta kwanta a kansa, layinta a fili. In kaurin lakar ya doshi kashi ɗaya cikin goma na yashin, sai a wanke shi ko a nemi wani. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne yashi mai ɗan laima yana kumbura, har ya kan ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya auna bokiti tara na irin wannan yashi bai zuba tara na gaskiya ba, kwaɓinsa ya fi yadda yake zato ƙarfi.

Ana fara gauraya kayan ne a bushe, a kan wuri mai tsabta, a juya har launin ya zama ɗaya, babu zanen fari ko na toka. Sannan ruwa, kaɗan-kaɗan. A nan muka yi kuskurenmu na farko. Mun saba ganin kwaɓin ɗora bulo mai santsi yana zamewa daga kwanon sarki, sai muka kwarara ruwa. Baba ya duba ya ce wannan kunu ne, a ba wa masu daɓe. Kwaɓin ciko ya fi na gini bushewa. In ka dunƙule shi a hannu (da safar roba) ya tsaya kamar curin fura, bai wargaje ba, bai kuma ɗiga ba. Mai ruwa-ruwa yana ɓata fuskar bulo da tabon da ba ya fita, kuma yana tsukewa ya bar tsaga. Bayan an kwaɓa akan bar shi ya huta kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, ya yi tsukewarsa ta farko a ƙasa maimakon a bango, sannan a sake juyawa. Kuma kaɗan ake kwaɓawa. Duk kwaɓin da ke da siminti, in ya wuce sa'a biyu ya fara kamawa, ƙara masa ruwa don a farfaɗo da shi yaudarar kai ce.

Farar ƙasar gini ba a kowane shagon kayan gini ake samun ta ba, mu ma sai da aka yi kwana biyu ana nema. Wasu in sun rasa sai su barbaɗa garin sabulun wanki a kwaɓi don ya yi santsi. Santsin yana samuwa, amma kumfar da ba a auna ba tana raunana kwaɓin ta yadda ba wanda ya san iyakarta. Ba mu ba ku shawarar wannan ba.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. A kankare tsohuwar gaɓa zurfin da ya kai ninki biyu na faɗinta ko ɗan fiye, wato in faɗin milimita 10 ne a shiga 20 zuwa 25. Da cizal da ƙaramar guduma muka yi, don injin yanka in ya kuɓuce sau ɗaya ya ci gefen bulo. A share ƙura da burushi, a jiƙa gaɓar ta yi laima, in ba haka ba busasshen bulo zai tsotse ruwan kwaɓin kafin ya kama. A cusa da siririn ƙarfe hawa-hawa ana dannawa, daga saman bango zuwa ƙasa. In ya ɗan taurara, yadda babban yatsa zai bar sawu amma ba zai nutse ba, sai a goge shi ya daidaita da fuskar bulo ko ya ɗan shige ciki kaɗan. Kada ya hau kan bulo, kada ya turo waje ya zama matattarar ruwa. Daga nan a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a kai, a riƙa yayyafa ruwa na aƙalla kwana uku. Da hunturu ko tsakiyar bazara sai an ninka kula, don iska da rana suna iya busar da kwaɓi tun bai kama ba, washegari ka taɓa ka ji gari.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske muke. Siminti da farar ƙasa duka suna cin fata. Ba a jin zafin nan take, sai bayan sa'o'i. Ɗayanmu ya cire safar hannu don ta dame shi, ya kwana uku bai iya riƙe biro ba. In ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Ƙurar kankara ma ba ta shaƙa ba ce, a rufe hanci da baki.

A hanyar komawa gida muka riƙa lura da abin da a da muke wucewa ba mu gani. Gidajen ƙasa nawa ne a cikin gari aka lulluɓe da filastar siminti, aka yi fenti, sannan wata rana cikin Agusta filastar ta ɓamɓaro gaba ɗaya, aka ga ƙasar da ke bayanta jiƙe sharkaf? Ciwon bangonmu ne a wani jikin. Maginan gargajiya ba su yi haka ba. Da ƙasa suke haɗa tubali da tubali, su yi yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa. Inda ruwa ya fi duka su sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Duk waɗannan suna barin bango ya fitar da laima, kuma an san dole a sabunta su lokaci-lokaci, kamar yadda mutanen Jenne a Mali ke taruwa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu.

In makarantarku tana da ginin jan bulo, ku je ku duba gindin bangon da kuma ƙarƙashin tagogi, inda ruwa ya fi zama. In gaɓa ce ta lotsa bulo yana lafiya, bangon yana tsufa yadda ya kamata, ciko kawai yake jira. In bulo ne ya lotsa gaɓa ta turo, ku nuna wa malaminku na fasaha kafin a kawo wani ya sake lafta masa siminti. Da ido za ku duba, kada a kama ku kuna sassaƙar bangon makaranta da ƙusa ku ce mu muka aike ku.

Gefen da ba a taɓa gyarawa ba mun gama shi cikin mako biyu, ba mu canja bulo ko ɗaya ba. Ɗaya gefen kuwa sai da muka bi shi da alli muna yi wa waɗanda suka mutu alama, aka riƙa sassaƙo su ɗaya bayan ɗaya ana cusa sababbi. An zaga an rasa masu launin na da, waɗanda aka samo sun fi haske kuma sun ɗan fi ƙanƙanta, don haka gaɓarsu ta fi faɗi. Har hutunmu ya ƙare muka koma makaranta, Baba da leburori biyu ba su kai rabin bangon ba.